Lissafi Bayan Hantsi

A Changli, wata unguwa ta Tamale, aka haifi Memunatu, a gidan Mamadu tela, wanda keken ɗinkinsa ya fi shi suna a unguwar saboda ƙara. Uwarta koko take sayarwa a bakin hanya, kuma yarinyar ta iya wanke kwanukan koko tun ba ta iya ɗaura zane ba. Babu wanda ya yi mata tunanin boko a gidan. Wanda ya yi mata shi wani matashin malami ne, ɗan ƙabilar Dagomba, mai suna Andani, da ya kawo wandonsa faci ya ji yarinyar tana gaya wa uwarta wane ne mai son kokonsa da kauri, wane ne mai son tsararo, ba ta rikita ko mutum ɗaya ba. Andani ya dinga zarya gidan tela, yau da goro gobe da magiya, har Mamadu ya gaji ya ce ya ɗauke ta ya huta. A bayan kekensa ya kai ta aji ɗaya.

Ta yi karatu, ta shiga kwalejin horon malamai, ta fito da takardarta, ta auri Mashudu bakanike. Da aka tashi tura ta aiki, sai Allah ya kai ta wata firamare a ƙarshen unguwar Lamashegu, inda gidaje ke ƙarewa makiyaya su fara. Shugaban makarantar kuwa Andanin nan ne, yanzu furfura ta cinye masa kai, kowa na ce masa Masta. Ita Baba take ce masa. Ko a gaban yara sai ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta kallon idonsa, kuma tunda take ba ta taɓa ce masa a'a ba. Mahaifinta ya rasu tun tana kwaleji, saboda haka Masta ne ya rage mata.

Wanda bai ga shekarar tamanin da uku a Tamale ba, ya gode wa Allah. Ruwa ya ƙi sauka, wutar daji ta cinye abin da fari ya rage, mutane suka yi layi don jar masarar taimako wadda da can ko kaji ba a ba su. Malamai da yawa sun riga sun tsere Nijeriya neman abinci, Mashudu ma ya bi su, sai ga su an koro su gaba ɗaya. Shi Mashudu ya dawo da tabarma ɗaya da wani tari da ya ƙi barinsa. A makaranta babu alli sai farar ƙasa, allon kuma da baƙin tsohon batir ake shafe shi. Albashi ba ya ganin tsakiyar wata. Duk da haka Memunatu ba ta taɓa bari an buga ƙarfen shiga aji ba tana wajen makaranta, kuma tana alfahari da wannan fiye da yadda ya kamata.

Aji uku take koyarwa. A bencin baya na ajinta akwai 'yan matan ruga, 'ya'yan makiyayan da ke zaune a bayan gari: Hawawu, Alimatu, Rabi'atu, da wasu ƙanana. Kullum a makare suke zuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, sai an tatsi shanu, sai sun ɗauki ƙwaryar nono sun raka iyayensu mata cikin gari sun zaga gidajen da ke saye, sannan su ajiye ƙwarya a gidan wata tsohuwa su rugo makaranta. Suna isowa malamin da ke kan aiki a makon yana tsaye a ƙofa da tsumagiya. Idan makon Memunatu ne, ita ma tana tsula musu, ba da mugunta ba, haka ta taras ana yi. Su shiga aji suna murza hannu, su zauna shiru kamar an dasa su. Ranar jarrabawa su zo na ƙarshe. A ɗakin malamai an gama yanke musu hukunci tuntuni, wai kan ɗan makiyayi saniya ce kawai a cikinsa.

A dogon hutun shekarar da ta biyo aka kira malamai wani kwas na ƙarin sani a kwaleji. Gaskiya ɗaya ce, yawancinsu shinkafar rana suka je ci, har da Memunatu. Amma a rana ta biyu wata siririyar malama daga kudu ta tsaya da wasu takardu da suka yi ja don tsufa, ta ce za ta karanta musu wani bincike da aka yi a makarantun Arewa. Masu binciken sun zauna da yara da iyaye, sun zauna a cikin azuzuwa, suka lura da abin da kowa ke gani amma ba wanda ya haɗa. Karatu da lissafi, darussan da ake auna kan yaro da su, kullum da sassafe ake yin su, wai lokacin ƙwaƙwalwa na da sanyi. A daidai lokacin 'ya'yan makiyaya suna kan hanya da nono. Idan suka iso sai su tarar da waƙa da aikin hannu da sharar fili. A makarantun da aka gwada mayar da karatu da lissafi bayan hutun hantsi, aka kuma ajiye tsumagiyar ƙofa, yaran sun kamo 'yan uwansu, kuma sun daina gudu.

Memunatu ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Shekara da shekaru tana dukan irin su Hawawu a kan lissafin da ba su taɓa zama an koya musu ba. Da aka tashi ta bi malamar, ta roƙe ta ta ba ta takardun ko aro ne. Malamar ta rungume su a ƙirji ta ce su kenan gare ta, ita ma wani ne ya taho mata da su daga jami'a, kuma injin buga takardu na kwalejin ya shekara ba tawada ba takarda. Memunatu ta koma gida da binciken a cikin kanta kawai.

To, nan gizo ke saƙa. Jadawalin darussa yana rataye a ofishin Masta, da hannunsa ya zana shi ya yi masa ado da jan biro, tsumagiyar ƙofa ma shi ya kafa ta tun kafin wasu malaman su yi haƙori. A ƙasar Dagomba ƙarami ba ya tunkarar babba ya ce masa abin da kake yi ba daidai ba ne. Ana neman wani dattijo ne a ba shi maganar da goro, shi ya san ta inda zai shigar da ita. Memunatu ta sayi goro ta sami Malam Saibu, mai koyar da Arabiyya, ta zayyana masa komai tiryan-tiryan. Malam Saibu ya saurara yana gyaɗa kai, amma da ta tafi ya auna maganar ya ga ta yi nauyi. Ya za a ce wa Masta jadawalinsa ke korar yara? Sai ya rage mata kaifi, ya kai wa Alhaji Zubeiru, aminin Masta, cewa Malama Memunatu tana ganin safiya tana yi wa wasu wahala a makaranta, tana roƙon a duba. Alhaji Zubeiru mutum ne mai tausayi, ya kuma san tarin Mashudu, saboda haka bai sha wahalar gane su wane ne wasun ba. Kowannensu alheri ya yi nufi, ga ladabi kamar ya yi magana, amma kafin saƙon ya isa ofis babu bincike a cikinsa, babu 'yan ruga.

Masta ya aika aka kira ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta yi masa barka da asuba da harshen Dagomba.

"Dasiba, Baba."

"Naa. Shigo, Memunatu." Ya dube ta da irin kallon da yake mata tun tana bayan kekensa, ya yi magana da Hausarsa ta Tamale wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Alhaji ya faɗa mini duka. Mijinka ba shi da lafiya, kai ne ruwa, kai ne magani, kai ne koko da safe, kuma ka kasa faɗa mini? Ni ba ubanka ba ne? Daga gobe ka zo sukul bayan hantsi. Malam Saibu zai riƙe yara da safe. In ka zo, ka yi naka."

Idan ta ce ba haka ta aika ba, ta ƙaryata dattawa biyu ke nan a gaban na uku. Ta sunkuyar da kai ta amsa yadda ake amsa wa babba a can, ta ce, "Naa, Baba. Allah ya saka." Ta fito tana jin kunya da takaici, sai da ta kai gindin darbejiyar fili sannan ta gane abin da aka ba ta. Idan sai bayan hantsi za ta shiga aji, to karatu da lissafi ma sai bayan hantsi ke nan.

Haka matar da ba ta taɓa makara ba ta koma mai makara da gangan. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Takan gama shiri da wuri kamar kullum, ta zauna a ƙofar ɗaki tana jin ƙarfen makaranta daga nesa, ƙafarta na ƙaiƙayi. Mashudu daga kan tabarma yana tsokanarta, wai yau Madam an zama 'yar ruga. Idan rana ta ɗan ɗaga sai ta fita ta tsaya a gidan tsohuwar da ake ajiye ƙwarya, ta jira 'yan matan, su shiga makaranta tare, ita a gaba su a baya. Wane malami ne zai ɗaga tsumagiya ga yaran da suka shigo a inuwar Madam? Sai ya mayar da tsumagiyar bayansa ya ce mata sannu da zuwa.

Abin ya yi aiki, kuma bai ɗauki lokaci ba. Alimatu ta fara ɗaga hannu. Rabi'atu, wadda ake zaton ko bebiya ce, ashe surutu ne da ita kamar kanari. Hawawu kuwa, da aka zauna aka nuna mata lissafi daga tushe, sai ta kama shi da hannu biyu, don yarinyar da ta san yadda ake raba ƙwarya ɗaya ga gidaje da yawa ba baƙuwar rabawa ba ce. Ranar da ta fita gaban allo ta karanta layi guda na Turanci ba tare da an taya ta ba, ta juyo tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi, Memunatu ta fita bayan aji ta share hawaye. Farin ciki ne, amma da ciwo a ciki, saboda ta tuna waɗanda suka wuce ta hannunta kafin wannan. Labari ya kai ruga, Ɗankande mahaifin Hawawu ya ƙaro 'ya'yan ƙanensa, bencin baya ya cika har ana zama a ƙasa. A ɗakin malamai aka ce Madam ta yi sa'ar yara bana. Ba ta gyara musu ba.

Sau da yawa ta yi niyyar gaya wa Masta gaskiya. Takan ce bari sakamakon ƙarshen shekara ya fito tukuna, gani ya kori ji. Ba ta kai can ba.

Sufeton makarantu, Mista Wumpini, ya daɗe bai leƙo ba saboda babu man babur. Ranar da ofishinsu ya sami mai, sai ga shi da sanyin safiya. Ya duba jadawali a bangon ofis, aji uku lissafi. Ya shiga aji uku ya tarar da Malam Saibu yana bi da yara waƙar haruffan Larabci, malamar aji ba ta nan. Ya zauna ya jira. Da hantsi ya yi sai ga ta ta shigo ƙofar makaranta da ayarin 'yan mata a bayanta, suna warin nono.

A ofis aka yi zaman, malamai na tsaye a baranda suna ji. Masta ya fara kare ta, ya ce shi ya ba ta izini saboda jinyar miji. Sufeto ya ce ba shi da ikon ba da wannan izini, kuma mutumin da ya kusa ajiye aiki ya kamata ya san abin da irin wannan rahoto zai yi wa fanshonsa. Da Memunatu ta ga tsohon yana shan faɗa a kan alherin da ya yi mata, sai ta kasa daurewa. Ta durƙusa ta faɗi komai, kwas ɗin, malamar kudu, binciken, nonon, tsumagiyar, har da sakamakon Hawawu.

Mista Wumpini ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi ciwo. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Madam, ni ma na taɓa jin wannan magana a wani taro. Wataƙila ma gaskiya ne. Ina takardan?"

"Ba ni da shi, sa. Guda ɗaya ne, yana hannun mai shi."

"To ka gani. Ni ba a aiko mini a rubuce ba. Taimtebul daga sama ya zo, ni aikina in duba ana bi. In sun canja, gobe ni da kaina zan kawo maka. In na bar ka, na gaba da ni zai tambaye ni takarda, kamar yadda na tambaye ka."

"Sa, zo ka ji yarinyan ya yi karatu. Yana aji yanzu."

"Na yarda yana karatu, Madam. Ba shi aka aiko ni dubawa ba."

Ya ce ba zai rubuta komai ba a wannan karon, saboda furfurar Masta, amma zai dawo. Da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, Masta ya juyo ya dube ta. Jadawalin bai dame shi ba a lokacin, ko kunyar da ya sha a gaban malamansa.

"Memunatu, ni ka ɓoye wa? Wata da watanni ina tambayan jikin mijinka, ina jin daɗi na taimake ka. Ashe dabara ne."

"Baba, na aiko. Maganan ne ya canja a hanya."

"Da ya canja, bakinka yana ina?"

Shi ya koya mata karatu, kuma shi da gidansu suka koya mata yin shiru a gaban babba, yanzu ga shi yana tambayarta bakinta. Ta yi kuka a wurin har ya ce ta tashi. Bai hukunta ta ba. Ya ce kawai daga gobe kowa ya koma kan jadawali, don shi ba zai ƙare aikin shekara talatin da baƙin rahoto ba, kuma ba ta ga laifinsa ba.

Ta koma zuwa da sassafe. Lissafi ya koma mazauninsa, tsumagiya ta koma ƙofa, har ta fi da zafi saboda tsoron dawowar sufeto. Memunatu ta yi ƙoƙarin tsayar da 'yan matan bayan an tashi ta maimaita musu, amma da rana ake buƙatarsu a ruga, ita ma ga Mashudu da jikinsa ke ƙara lalacewa, ga 'yar tireda ta gyaɗa da take kasawa don a ci abinci. Ta rubuta wa malamar kudu, aka ce an mayar da ita wani gari. Ta je ofishin ilimi, aka ce ta biyo ta hannun shugabanta. Ƙananan ne suka fara ɗaukewa. Rabi'atu ta koma shirunta, sannan ta daina zuwa. Alimatu ta bi ta. Da Memunatu ta taka har ruga, Ɗankande ya shimfiɗa mata buzu, ya sa aka dama mata fura, ya ce mata cikin ladabi shi bai ga amfanin yaro ya yi tafiyar nan ya sha duka ya dawo da waƙa ba. Hawawu ta fi kowa daɗewa. Takan shigo tana murza hannu, ta kalli lissafin da ya rage a allo ana gogewa, ta zauna. Wata Litinin ba ta zo ba, kuma shi ke nan.

Mashudu ya rasu da damina ta kama. Masta ne ya tsaya a kan komai na jana'iza, kamar uba.

A ƙarshen shekara aka yi taron iyaye da rabon kyaututtuka, wanda kuma shi ne na sallamar Masta. Mista Wumpini ya zo, ya yi jawabi, ya ce a duk makarantun da yake zagawa bai ga wadda ta gyaru kamar wannan ba. Ya ce ya dawo ba zato ya tsaya a ƙofa da kansa, bai ga yaro ko ɗaya na aji uku ya makara ba, ajin da a da ya fi kowane lalacewa. Aka kira Malama Memunatu. Masta ya miƙa mata kwanon sha mai murfi, sabo fil, idonsa ya cika da hawaye don yana ganin ya wanke ta a gaban jama'a kafin ya tafi. Iyaye suka yi ta tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Ta durƙusa ta karɓa ta ce, "Naa, Baba."

A hanyar gida, wajen mararrabar Lamashegu, ta haɗu da Hawawu tana komawa ruga da ƙwarya a ka. Yarinyar ta yi tsawo. Ta sauke ƙwaryar ta durƙusa da murnarta, ta yi wa Madam gaisuwar rashi da ba ta samu ta yi ba, sannan idonta ya faɗa kan kwanon.

"Madam, wannan naka ne? Kai, yana da kyau! A sukul aka ba ka?"

"A sukul."

"Na mene ne?"

Memunatu ta so ta ce na daɗewa a aiki ne, ko wani abu makamancin haka, amma ba ta iya yi wa yarinyar ƙarya ba.

"Wai ajina babu mai latti yanzu."

Fuskar Hawawu ta washe, da zuciya ɗaya, babu ko ɗigon gori a ciki.

"Alhamdu lillahi, Madam. Da mu ne muke ɓata maka aji."

Ta aza ƙwaryarta ta yi sallama ta wuce. Memunatu ta tsaya a bakin hanya da kwanon a hannu, tana so ta kira ta ta ce ba haka ba ne, har yarinyar ta sha kwana.